Jiniya Ba Ta Tsayar Da Jini

A wannan fili mun saba tattaunawa kan yadda ake shan magani da yadda ake adana shi. Yau a kan motar ɗaukar marasa lafiya zan yi magana, kuma ba zan sassauta harshe ba.

Idan a Damba kake zaune, ko kana da rumfa a bakin titin da ya bar Gusau ya nufi Kwatarkwashi da Tsafe, ka sha ganin wucewarta. Farar mota ce mai jan zane, sunan wanda ya ba da ita kyauta ya fi sunan asibitin girma a jikinta, tana tafe tana kwarara jiniya. 'Yan kabu-kabu su kauce, masu Keke Napep su raɓe, kai kuma ka ce Allah ya ba shi lafiya, ka ci gaba da harkarka da tunanin cewa wanda ke ciki ya riga ya shiga hannun asibiti. Kallon kitse kake yi wa rogo. Sau da yawa abin da ke cikin motar bai wuce gado da benci ba, sai direba a gaba, sai ƙanin marar lafiya a baya yana riƙe da ledar ƙarin ruwa, sai wata tukunyar iskar oksijin da ba wanda ya tuna ranar da aka cika ta. Irin wannan mota tasi ce mai ƙara. Kuma laifin bai tsaya kan direban ba, domin ba wanda ya koya masa komai, ba wanda ya ba shi izinin komai.

Ga abin da nake so ka riƙe: jinyar gaggawa a inda mutum ya faɗi take farawa. Jihar da ta sayi motoci, ba ta rubuta wa ma'aikatan motar ƙa'idar abin da za su yi kafin su iso ƙofar asibiti ba, ba ta zuba musu magungunan yin hakan ba, to jigilar mutane kawai take yi zuwa inda za a tabbatar da rasuwarsu.

Lissafin ba shi da wuya. Jinin da ke jikin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba. Idan harsashi ko ƙarfen mota ya yanke babbar jijiyar cinya, mintuna kaɗan sun isa ya tsiyaye. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska na minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa, lalacewar da ba ta gyaruwa. Yanzu auna wannan da hanyarmu. Daga Tsafe zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, tafiya ce ta ƙasa da awa guda idan rana ce kuma hanya lafiya. Amma sai ka haɗa da lokacin neman mota, da cinikin kuɗin mai, da tsayawa a shingayen jami'an tsaro, da mutumin ƙauyen da sai an fito da shi bakin kwalta a kan babur. Idan kuwa cikin dare abin ya faru, kowa a Bungudu da Tsafe ya san sau nawa ake cewa a bari gari ya waye. Duk waɗannan awoyi jiki bai san da uzurinsu ba.

A ɗakin magani nake aiki, don haka bari in ba ka misali daga kantata. Akwai wata allura, tiraneksamik asid, aikinta hana gudan jinin da ya toshe rauni narkewa. Tsohon magani ne, ba shi da tsada, ba ya buƙatar firji. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CRASH-2, wanda aka yi a kan mutum fiye da 20,000 da suka ji munanan raunuka a ƙasashe 40. An gano cewa idan aka yi allurar cikin awa ta farko, tana rage mutuwa ta hanyar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga awa ɗaya zuwa uku amfaninta yana raguwa. Bayan awa uku babu amfani, har ma ana fargabar cutarwa. Wani nazari da ya biyo baya ya nuna cewa duk jinkirin minti 15 yana cinye kashi 10 cikin 100 na amfanin nata. Giram 1 ne, a tura shi a jijiya a hankali cikin minti 10. Ke nan wurin zaman wannan allura shi ne cikin mota, a hannun wanda ya fara isa ga mai rauni. Mu kuwa mun kulle ta a kabad a cikin gari, muna jiran marar lafiya ya zo ya same ta. An sha kawo mutum wanda aka harba tun bayan la'asar, ba a iso da shi ba sai bayan isha'i, a duba agogo a ga lokacin allurar ya wuce. Tana nan a kan kanta, wa'adinta bai ƙare ba, amma ta zama ihu bayan hari.

Haka abin yake ga mata, har ya fi ciwo. Matar da ta haihu a gida a wani ƙauyen Bungudu, mahaifa ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle, tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a yi komai ba. Gwajin WOMAN na 2017, wanda asibitocin Najeriya suka shiga cikinsa, ya nuna wannan allurar dai tana rage mutuwar masu jego ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka yi ta cikin awa uku da haihuwa, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin shawarwarinta. A 2023 aka fitar da binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Darasinsa shi ne a auna jinin da ke zuba maimakon a yi kirdado da ido, sannan a haɗa matakan a lokaci guda: murza mahaifa, maganin tsuke ta, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa. Da aka yi haka, mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. A asibitoci aka yi binciken, na sani. Amma ka duba matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa mini wanne ne ungozomar da aka horar ba za ta iya yi a bayan mota ba.

A nan ne ma ake gane amfanin rubuta ƙa'ida da sanin ƙasa. Oksitosin, allurar da aka fi amfani da ita wajen tsuke mahaifa, sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ka ajiye ta a aljihun motar da ke fake a rana cikin watan Afrilu a Gusau, bayan 'yan makonni ƙarfinta ya tafi, kwalbar kuwa ba za ta sauya kama ba balle ka gane. Don haka dole wani ya zauna ya yanke: ko a sa akwatin sanyi a motar, a kuma naɗa mai duba shi, ko a ɗora dogaro a kan ƙwayar misoforostol da ake sawa ƙarƙashin harshe, wadda zafi bai cika damunta ba muddin tana cikin ƙunshinta. Wanda ya kwafo ƙa'idar Landan ya liƙa a motar Tsafe bai yi aikin ba. Mai ciki da jijjiga ta kama ita ma tana da nata maganin, maganiziyam salfet, wanda ake iya fara ba ta tun kafin a tashi motar. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga taune-taune a tsakiyar damina yana buƙatar a kwantar da shi ta gefe, a auna sukarin jininsa da ɗigo ɗaya daga yatsa, a ba shi diyazefam ta dubura idan abin ya wuce minti 5, a yi masa allurar atisunet ta farko, ko a sa masa na dubura idan bai kai shekara 6 ba kuma allurar ba ta samu ba. Wannan bai warkar da shi ba. Lokaci ya saya masa har ya isa gadon asibiti da ransa.

To mece ce wannan ƙa'ida da nake ta nanatawa? Takarda ce, shafi ɗaya ga kowace matsala, da Hausa da Turanci, likitan da hukuma ta ɗora wa alhakin aikin ya sa mata hannu. Tana cewa idan ka ga kaza, yi kaza. Ga yawan maganin, ga inda za a bi da shi. Ga abin da ba za ka taɓa yi ba ko da dangi sun matsa maka. Tana kuma faɗin inda za a kai mutum, domin asibiti mafi kusa ba kullum ne ya dace ba. Wanda harsashi ya shiga cikinsa ɗakin tiyata da jini yake buƙata, tsayawa da shi a ƙaramin asibitin da ba su da ko ɗaya ɓata awa guda ne a banza. Kuma dole ta kasance a rubuce, a cikin motar, a cikin kan ma'aikaci. Masu cewa ai sai a buga wa likita waya a tambaye shi sun manta da watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar nan baki ɗaya na makonni. Ko yau ma akwai wuraren da sai ka hau tudu kafin waya ta shiga.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, domin sun sha faɗa mini. Za su ce magani ba abin wasa ba ne, ba a miƙa allura ga wanda ba likita ba, kuma a ƙasar da matasa ke shan tiramadol kamar gyaɗa, sa diyazefam a mota gayyatar ɓarna ce. Tsoronsu yana da tushe, ni ma da makullin kabad ɗin nake kwana. Sai dai an daɗe da samo maganin wannan. Akwati ne mai hatimi da lamba, ɗakin magani ya cika shi ya rufe; idan an fasa hatimin, a dawo da shi da takardar da ta nuna wa aka ba, nawa, ƙarfe nawa, a karɓi sabo. Abin da ya ɓace za a gani a ranar. Game da cewa sai likita kuwa, ina roƙon mai wannan magana ya ƙirga likitocin da ke Tsafe da Bungudu da ƙarfe biyun dare, sannan ya faɗa mana wanne daga cikinsu zai bar masu jinya ya hau mota. Idan aka ce sai likita, a aikace an ce babu kowa ke nan.

Duniya ta riga ta gwada wannan. A Amurka, har zuwa 1966, kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya masu sana'ar binne gawa ne ke yin sa, saboda motarsu ce mutum ke iya miƙewa a ciki. A shekarar ne wani rahoton masana ya tona yawan rayukan da ake asara a kan hanya. A 1967 aka kafa Freedom House a birnin Pittsburgh, inda likita Peter Safar ya ɗauki matasa baƙaƙen fata daga unguwar talakawa, da yawansu ba su da aikin yi, ya koya musu jinyar kan hanya, suka zama abin koyi ga ƙasar baki ɗaya. Idan ka ce Amurka ta yi nisa, ga arewacin Iraƙi da Kambodiya, yankunan nakiyoyi da munanan hanyoyi irin namu: daga ƙarshen shekarun 1990 aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara da dubban ƙauyawa kan buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini, mace-macen masu rauni suka sauko daga kimanin kashi 40 cikin 100 zuwa kimanin 15, ba tare da an sayi jirgi mai saukar ungulu ko ɗaya ba. A Gana an koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon farko a kwas na awa 6, saboda an lura su ne ke kwaso mafi yawan waɗanda suka yi haɗari. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. A ƙarƙashin wani shirin lafiyar mata da yara da ya gudana a Zamfara, Katsina, Jigawa da Yobe, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Mutanen suna nan. Ga ɗaliban da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ke yayewa, da yawansu na zaune ba aiki. Ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ke tsare kowane taron wa'azi da sansanin alhazai, ga jami'an kiyaye haɗurra, ga Askarawan Zamfara waɗanda su ne kan fara isa inda aka yi harbi. A ce mutum yana ɗauke da bindiga a bakin aikinsa amma ba a ba shi maɗaurin tsayar da jini ba, ba a koya masa ɗaura shi ba, wannan sakaci ne.

Sai maganar kuɗi, mafakar kowane jami'i. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Sashe na 20 na dokar ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar jinyar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin NEMSAS, wanda aka shirya shi domin ya biya kuɗin mota da jinyar awa 48 na farko. A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, an kuma shiga gyaran asibitoci, abin da ba mai hankalin da zai ƙi. Amma sabon fenti da sabon gado suna amfanar wanda ya iso da rai ne kawai. Kuɗin mota guda sabuwa ya isa a horar da mutane da dama a kuma cika akwatuna masu yawa. Matsalar ita ce horo ba ya ɗaukar hoto, ba a yanka masa kirtani, ba a rubuta sunan kowa a jikinsa. Duk ranar da ɗan majalisarku ya zo da motar asibiti yana neman tafi, ka nemi a buɗe bayanta a gaban jama'a. Ka tambayi sunan ma'aikacin da zai riƙa zama a ciki, inda aka horar da shi, wanda zai biya kuɗin mai, lambar da za a kira, da takardar ƙa'idar. Idan aka fara kame-kame, ka san abin da aka kawo muku.

Yanzu na juyo kanka, domin kai ma kana da naka kason, kuma kafin gwamnati ta farka kai ne motar asibitin gidanku. Mun iya taruwa a kan wanda ya yi haɗari, wasu na salati, wasu na ɗaukar bidiyo, wasu huɗu su kama hannuwa da ƙafafu su jefa shi bayan mota kansa na lilo. Wanda ƙashin wuyansa ya tsage amma lakarsa ba ta taɓu ba, a wannan ɗaukar ce ake gama shi, ya tashi ba ya motsa komai har ƙarshen rayuwarsa. A tallafe kai da wuya su daidaita da jiki, a ɗora shi a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne. Inda jini ke zuba, ka ninka tsumma mai tsabta ka danna da ƙarfinka duka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Idan ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Ban da ƙasa, ban da toka, ban da garin magani. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa ya ƙi tsayawa, ka ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, rawani ko ɗankwali, ka sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka duba agogo, kuma kada ka kwance a hanya don ya ce yana jin zafi. Waya ko siririyar igiya yanka nama suke yi. Amma ka lura, saran maciji ba a yi masa wannan ɗaurin, ba a tsaga, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi a tafi asibiti. Wanda ya suma kuma, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja, huhunsa za su tafi. A kwantar da shi ta gefe. Mai taune-taune ba a cusa masa cokali a baki, ba a yi masa hayaƙi a ɗakin da aka rufe.

Akwai kuma tsoron da ke sa mutane su bar mai harbin bindiga kwance a bakin hanya, wai kada a riƙe su a ofishin 'yan sanda. Dokar tilasta jinyar waɗanda aka harba, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen 2017, ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe shi ya fara jinya ko da babu takardar 'yan sanda, ko da ba a ajiye ko sisi ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara jinyar. Dokar ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a takura masa da tambayoyin cin fuska. Ka san wannan, ka faɗe shi da ladabi a bakin ƙofa idan an nemi a juya ku. Masu cewa kwana ne ya ƙare kuwa, ba mai jayayya da ajali. Amma ba mu san ranar kowa ba, shi ya sa aka umarce mu da neman magani, kuma tambayar da za a yi mana a kan abin da muka yi ce da hannunmu a lokacin da yake numfashi.

Ka ajiye lambar 112 ta kiran gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra a wayarka, amma kada ka tsaya a kansu kaɗai. Ku zauna a unguwa, a Damba ko Kwatarkwashi ko duk inda kuke, tun ana zaune lafiya, ku san direbobi biyu da za a iya tasa cikin dare, ku san ma'aikacin lafiyar da ke kusa, ku ajiye kuɗin mai a hannun amintacce. Gidan da ke da mai ciki wata tara ya san rukunin jininta da mutum biyu da za su iya ba ta. Idan an tashi tafiya, mutum biyu sun isa rakiya, sauran su biyo baya, domin mai danna rauni yana buƙatar wurin durƙusawa. Wani ya buga waya asibitin ya ce ga mu nan tafe da kaza. A ɗauko duk magungunan da marar lafiya ke sha a zuba a leda, har na gargajiya, kada a ɓoye. Sannan a sami 'yar takarda, ko bayan kwalin magani ne, a rubuta ƙarfe nawa abin ya faru, ƙarfe nawa aka ɗaure, me aka ba shi a hanya. Da kun isa, ita za ka fara miƙa wa nas ɗin da ta tare ku, tun kafin gaisuwa, domin da ita za a san ko awa ukun nan ba su cika ba.